Gidan haya da lokutan gyaransa: lissafin da ya kamata mai gida ya yi tun kafin hadari ya haɗo

Shekara da shekaru nake kula da gidan hayar da mahaifinmu ya bar mana a nan Kano, gida ne mai sassa huɗu, kowane sashe da banɗakinsa amma rijiyar burtsatse ɗaya ce, tanki ɗaya, sokawe ɗaya. Abun da na fahimta a tsawon wannan lokaci shine yawancin mu masu gidajen haya bamu da wani tsari na gyara, jira muke sai abu ya lalace ɗan haya ya bugo waya sannan mu fara neman kafinta ko mai gyaran famfo ido rufe, kuma a lokacin ne komai yake tsada, mai aikin ma ya san ka matsu. Alhali shi gida yana da lokutansa kamar gona, rani da bazara da damina da hunturu kowanne akwai abun da yake yiwa gini, in ka san wannan to kusan rabin matsalar ka gama da ita.

Bari na fara da kuɗi domin a nan ake fara yin kuskure. A Kano kuɗin haya na shekara ake biya, wani ma shekara biyu yake karɓa a farkon shiga. Kuɗi ne da suke zuwa a dunƙule rana ɗaya, kuma kafin su zo an riga an gama rabasu a zuci, kuɗin makarantar yara, bikin wance, bashin wane, in gidan gado ne kamar namu kowa yana jiran kasonsa tun kafin watan ya kama. Toh sai a raba tas, bayan wata biyar kwano ya fara yoyo babu ko sisi da aka ajiye da sunan gidan, sai ka koma kana bin 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya kana cewa a kawo gudummawa, wanda ya riga ya kashe nasa me zai baka? Mu abun da muka zauna muka yarda dashi shine ranar da kuɗin suka shigo, kafin kowa ya taɓa, ana cire kashi 10 cikin 100 a ajiye daban. A ce gida yana kawo naira miliyan 2 a shekara, kaga dubu 200 kenan na gidan ne ba na kowa ba. Wannan lissafinmu ne ba doka bace, sabon gida zai iya wadatuwa da ƙasa da haka, tsohon gida da ya haura shekara 30 kuwa wallahi ko kashi 15 bai yi yawa ba.

Sai dai akwai wani abu da ya canja lissafin ajiya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira a kasuwa, kuɗin da ka ajiye a banki a watan Janairu ba shi zaka tarar a watan Oktoba ba, lambar na nan amma ƙarfinta ya ragu. Kowa ya tuna farkon 2024 lokacin da buhun siminti ya haura naira dubu 10 a wurare da yawa. Shi yasa yanzu na fi son in mayar da wani ɓangare na ajiyar zuwa kaya, in shiga kasuwar Ƙofar Ruwa in sayi fallen kwano kaɗan, ƙusa, bututun famfo, waya mai kyau, kan famfo guda biyu uku, in kulle a ɗan sito. Amma banda siminti. Siminti baya ajiyuwa, da ya shaƙi danshi zai fara daskarewa a cikin buhun, wata biyu uku ka tarar da dutse, shi kam sai ranar aiki ake sayensa.

Yanzu ga shi kansa gidan. In ka lura da kyau kusan duk wata babbar ɓarna a gini ruwa ne ke kawota, ko ya sauko ta sama, ko ya taso ta ƙasa, ko ya zubo daga cikin bango ta bututu. Saboda haka babban aikin shekara a wajena tsakanin Maris ne zuwa tsakiyar Mayu, wato kafin ruwan farko. Kakanninmu masu gidan ƙasa sun san wannan sarai, shi yasa ake yin yaɓe da rani, a gyara indararo, a shafe soro da makuba, ba wanda yake jira sai Agusta. Da muka koma bulo da kwano sai muka ɗauka an gama da wannan wahalar, alhali salo kawai ta canja.

Shi kwano da rana buɗewa yake saboda zafi, da dare ya tsuke, kullum haka, kuma a zafin bazarar Kano abun yafi tsanani. Wannan motsin a hankali yake sassauta ƙusa, ita kuma 'yar robar da ke ƙarƙashin kan ƙusar rana tana busar da ita ta tsattsage. Kaga ƙusa ɗaya da ta ɗago ai ƙofa ce ga ruwa, kuma in sun yi yawa to iskar farkon damina, wacce take zuwa da ƙura kafin ruwan, ita ce ke yaye rufin gaba ɗaya. Duk shekara muna gani a unguwanni, kwano a kan titi, wani ya faɗa gidan maƙwabta. Aikin da zai hana wannan bai wuce kafinta ya hau ya bi layin ƙusa ɗaya bayan ɗaya ba, ya canja wacce ta mutu, ya liƙe ramukan, yini ɗaya ya isa.

Na ga wannan da idona a sashen baya na gidanmu. Wata shekara ɗan hayar da ke ciki ya kirani yace, Alhaji akwai ɗan tabo a silin ɗin ɗakin yara, kamar faɗin faifai. Nace masa to Malam, in sha Allahu zan turo a duba. Hidima ta ɗauke hankalina ban tura ba. Ana tsakiyar Agusta da daddare ruwa ya kwana yana zuba, silin ɗin da ya daɗe yana shan ruwa ya ɓallo ya faɗo kan katifa, Allah ya kiyaye yaran suna ɗakin mahaifiyarsu a daren. Da safe da na je na tarar da matar gidan ta fito da littattafan makarantar yaran ta jera a baranda suna ɗiga, shi kuma maigidan bai ce min komai ba sai sannu da zuwa Alhaji, wannan shirun nasa ya fi min zafi akan ya zageni. Da kafinta ya hau sama ƙusa uku ne kawai suka ɗago, amma katakon da ke ƙarƙashinsu ya riga ya ruɓe har gara ta samu hanya. Aikin ƙusa uku ya koma canjin katako da silin da fenti, na kuma biya katifa domin haƙƙinsa ne.

Masu irin rufin zamani da ake ɓoye kwano a bayan bango, ruwan ya taru a kwatar siminti ta sama sannan ya sauko ta bututu, ku naku yafi buƙatar kulawa. Ƙurar hunturu tana taruwa a wannan kwatar wata da watanni, ga leda da iska ke kawowa, ga ganye, wani lokacin har sheƙar tattabaru, ruwan farko na sauka sai duk su zama taɓo su toshe bakin bututun, ruwan ya rasa hanya ya koma cikin ɗaki. Daga ƙasa ba zaka taɓa gani ba sai an hau. Sannan ga sabon abu da ya shigo, sola. Ɗan haya zai kawo masu haɗa sola su hau kwano suna takawa duk inda suka ga dama, su huda su ɗaure faranti su tafi. Ni bana hana kowa sa sola, halin wuta kowa ya sani, amma sharaɗina shine kafintan gidan yana wajen ranar da za'a ɗora, haka ma in za'a kafa dish ko a fasa bango saboda na'urar sanyaya ɗaki.

In an sauko daga sama sai sokawe, kuma a nan zan ɗan daɗe domin maganar lafiya ce ba ta gini kawai ba. Da damina ƙasa tana ƙoshi da ruwa, ramin da yake tsotsewa da rani sai ya daina, shi yasa zaka ga masai yana dawowa a watan Agusta daidai lokacin da motar kwashewa ma bata iya shiga lungu saboda taɓo. Don haka a watan Afrilu ake buɗe murfi a duba inda ya kai, in ya wuce rabi sosai a kira masu yashewa tun hanya tana bushe. A duba murfin kansa, domin tururin da ke tasowa daga ciki yana cin rodin da ke cikin simintin ta ƙasa, daga sama ka ganshi lafiya lau alhali ya zama ɓawo, kuma a tsakar gida yake inda yara suke wasa. A tabbatar bututun da ke fitar da iskar bai toshe ba. Kuma dan Allah kada mai gida ya yarda a zura wani yaro ko lebura cikin ramin saboda a rage kuɗin mota, iskar da ke ciki tana kashe mutum cikin mintuna, wanda ya shiga ceto shima ta kamashi.

Akwai kuma maganar tazara tsakanin sokawe da rijiya. Masana harkar tsaftar ruwa suna bada shawarar a samu kamar mita 30 tsakaninsu. Toh fulotin ƙafa 50 da 50 da ake yankawa a unguwanninmu kowane gefensa bai wuce mita 15 da 'yan kai ba, kaga ko ka kai rijiyar ƙarshen gida ba zata kai ba, kuma ga na maƙwabci a bayan katanga. Tunda ba yadda za'a yi da girman fili, abun da ya rage shine a tabbatar ramin bai tsage ba, bakin rijiyar an ɗagashi an rufe ruwan tsakar gida baya gangarawa ciki, kuma a faɗawa 'yan haya gaskiya cewa ruwan rijiya mara zurfi ba na sha bane sai an tafasa ko an sa magani, musamman da damina lokacin da amai da gudawa ke yawo.

Danshin bango kuwa, wanda zaka ga fenti yana kumbura yana zubowa daga ƙasa zuwa kamar gwiwa, da wani farin gishiri a jiki, mutane da yawa fenti suke sake shafawa duk lokacin da sabon ɗan haya zai shiga. Asarar kuɗi ce. Ruwa ne yake hawowa daga ƙasa, ko ba'a shimfiɗa leda ba lokacin da ake ɗora gini, ko daɓen tsakar gida ya karkato yana tura ruwa jikin bango, ko kwatar waje ta cika tana jiƙa tushen ginin, ko kuma akwai bututu da ya fashe a ciki. Sai an gano wanne ne an tare shi, a kankare tsohuwar filastar a bari bangon ya sha iska, sannan a yi sabuwa. Kwatar ƙofar gida ma tana cikin lissafi, ranar tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata dama ce mai kyau a haɗu da maƙwabta a yasheta, domin in kai ka gyara taka na gaba bai gyara ba ruwan wajenka zai tsaya.

Dalilin da yasa nake nacewa akan a gama waɗannan kafin Yuni ba ruwan kaɗai bane. Da damina ta kama leburori da yawa sun koma gida noma, yashi yana tsada saboda rafuka sun cika, kafintoci kuma kowa nemansu yake. Haka nan a duba inda azumi ya faɗo, tunda duk shekara yana matsowa da kamar kwana 11, bai kamata ka sa mutum ya hau kwano da tsakar rana yana azumi ba, in ya zama dole a fara da sassafe a sauko kafin rana ta take.

Da damina kanta ba'a babban aiki, kallo ake yi. Ni nakan je gidan ana cikin ruwa ko da an ɗauke, da lema, in tsaya in ga inda ruwa yake bi da inda yake kwanciya, in ɗauki hoto a waya. Abun da ka gani a minti goma ana ruwa ba zaka ganshi a wata shida na rani ba. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba bango ya bushe shine lokacin fenti da filasta, kafin ƙurar hunturu tayi ƙarfi ta riƙa mannewa a ɗanyen fenti. In kuma aikin siminti ya kai ka cikin hunturu to a dage da ban ruwa safe da yamma, busasshiyar iskar tana shanye ruwan da wuri sai filastar ta tsattsage.

Hunturu lokacin gobara ne, kowa a Kano ya san haka. Komai ya bushe, ga iska, ga kowane ɗaki an jona hita ana dafa ruwan wanka, wani har da rishon wuta, duk a kan wayar da aka ja shekara 20 da suka wuce lokacin da kayan wutar ɗaki basu wuce ƙwai da fanka da rediyo ba. Kafin sanyi ya shigo a kira mai wayarin wanda ya san aikinsa ya buɗe akwatin wuta, ya duba soket ɗin da suka yi baƙi ko suke ɗaukar zafi, ya duba inda aka yi haɗi da salatif, da wajen da ake juya wuta tsakanin ta gwamnati da janareto ko sola. Duk inda aka cire fis aka ɗaura waya a madadinsa a gyara a ranar. Kuma in da hali kowane sashe ya samu mitarsa mai kati, domin ɗan haya zai iya tashi ya barka da tarin takardun bashin wuta, sannan rigimar waye yafi shan wuta tana raguwa sosai.

Ruwan gida ba zan ja shi da tsawo ba. A wanke tanki aƙalla sau biyu a shekara, a duba bal ɗin da ke tsayar da ruwa in ya cika. Da bazara ruwan ƙasa yana ja baya, in aka bar samo, wato injin da ke turo ruwa daga cikin burtsatse, yana juyawa babu ruwa ƙonewa zai yi, haka in wuta ta zo ba ƙarfi, don haka mutum ɗaya ake ɗorawa alhakin kunnawa da kashewa. Ƙarfen da tankin yake kai shi mutane suke mantawa, lita 2000 na ruwa nauyin tan 2 ne cif, yana tsaye a kan ƙafafun da tsatsa take ci ta wajen da suka shiga ƙasa, mai walda ya dubasu a shafa musu fenti.

Toh duk wannan dubawar ta yaya za'a yi a gidan da matan aure suke ciki? Ai ba zaka faɗa gidan mutum don kai ka gina ba, tunda ya biya haya wajen ya zama sirrinsa. Sai an sanar da maigidan kwana biyu uku kafin nan, a zaɓi ranar da yake gida, a yi sallama a jira a kimtsa. Amma ga wani abu da na gano, maigidan da ya fita tun safe sai dare bai san rabin matsalar gidan ba, matar ce ta san famfon da ke ɗiga, ta san inda kwatar wanke-wanke take tsayawa, ta san soket ɗin da yake tartsatsi in ta jona dutsen guga. Shi yasa nake tafiya da yayata, ita ta shiga ciki su gaisa su zagaya kicin da banɗaki tare. Ranar farko da muka yi haka wata ta ce mata, Hajiya ai tun bara ƙasan wajen wanke hannun nan yake jiƙewa, na faɗawa Abban yara yace kar mu dami Alhaji. Kunya ce da tsoron kar a ce za'a ƙara musu kuɗi. Dole mai gida ya cire musu wannan tsoron da bakinsa, yace duk abun da kuka gani ku faɗa da wuri, kuma in sun faɗa ya zo, domin in suka faɗa sau biyu basu ga kowa ba sun daina kenan.

Maganar waye zai biya me, ita ke kai mutane gaban mai unguwa har kotu, kuma yawanci saboda ba'a rubuta bane, dillali ya karɓi la'adarsa ya miƙa mukulli shikenan. A fahimtata duk abun da ya shafi jikin gini da abun da tsufa ya kashe na mai gida ne, rufi, bango, sokawe, wayarin, rijiya, tunda amfanin gidan ka sayar wa ɗan haya dole gidan ya zama mai amfanuwa. Abun da hannu ya lalata ko amfanin yau da kullum ya cinye, ƙwan lantarki, gilashin da yaro ya fasa, mukullin da aka ɓatar, bututun da aka toshe da ƙunzugun yara, wannan na ɗan haya ne. A rubuta a takarda da shaidu biyu, ranar shiga a zagaya tare a ɗauki hoton kowane ɗaki kowa ya ajiye a wayarsa. In ɗan haya zai yi gyara da kuɗinsa a cire a haya, a yi magana kafin aikin ba bayansa ba, a yarda da mai aikin da farashin, ya ajiye rasit.

Kwanakin da ke tsakanin tashin wani da shigar wani kuma kada kwaɗayin kuɗin sati biyu yasa ka tsallakesu, ɗaki babu kaya shine kawai lokacin da zaka buga tayil ka ji wanda yake ƙarar kogo, ka ga hanyar gara a bayan inda kabad yake, ka sa a leƙa cikin silin da tocila a shafawa katako maganin gara.

Ina da wani littafi mai bangon kwali da nake rubuta komai a ciki, kwanan wata, abun da aka gyara, wanda ya yi aikin da nawa aka kashe, shi nake buɗewa gaban 'yan uwa ranar rabo, kuma shi yake nuna min abun da ke maimaita kansa. Da na duba na ga bututun sashe na biyu an liƙeshi sau uku a shekara biyu, sai na gane liƙi ya ƙare, bana in Allah ya kaimu Maris layin gaba ɗaya za'a tone a canja, na riga na sayi bututun yana sito.